Kashin kare a ƙofar gida: wa ake kai wa ƙara, kuma me doka ta ce?

Wasiƙu da dama da suka zo mana a 'yan kwanakin nan daga zangunan Ankara, babban birnin Ghana, kan abu ɗaya suke, wato karnuka da ƙazantar da suke bari a lungu da fili da bakin masallaci. Mun tsamo shida, mun amsa su bisa yadda aikin tsabtar gari da kiwon lafiyar dabbobi yake gudana a ƙasar nan.

Tambaya: Ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidanmu a Nima. Maƙwabcinmu yana da karnuka biyu da yake saki da dare, kullum da asuba sai na tarar da kashinsu daidai inda nake ajiye tebur. Sau biyu na yi masa magana, ya ce ai ba karnukansa kaɗai ne a unguwar ba. In kai shi wurin 'yan sanda ne? Daga wata Hajiya, Nima.

Amsa: Hajiya, ki bar 'yan sanda tukuna. Idan ba cizo aka yi ko faɗa ya kaure ba, mayar da ke za su yi wurin majalisar gunduma, don ƙazantar unguwa aikin sashen tsabtar muhalli ne, mutanen da muke kira tankas ko samansaman. Kuma kada ki ɓata kuɗin mota ki nufi ofishin AMA, wato babbar majalisar birnin Ankara, a cikin gari. Tun 2018 aka yanke Nima aka sa ta ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma ta koma Ayawaso ta Arewa. Mutanen Sabon Zango nasu Ablekuma ta Tsakiya ce. Ƙorafi da yawa a nan yake mutuwa: an kai takarda ofishin da ba shi da iko a kan unguwar.

Doka ba ta kama kare, mai kare take kamawa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba kowace majalisa ikon yin ƙananan dokokinta, kuma a cikinsu ake samun na tsare karnuka, da na dabbobin da aka sake suna yawo, da na abin da ke damun jama'a ko cutar da lafiyarsu. Akwai kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851. Saboda haka abin da za ki tabbatar shi ne karen wane ne, an kuma sake shi ba mai kula, yana ƙazanta wuri a kai a kai. Amsar da maƙwabcinki ya ba ki, ita ce zai maimaita wa jami'i, don haka ki shirya mata tun yanzu.

Ki samu yaro mai waya ya riƙa ɗaukar hoto har mako ɗaya ko biyu. Hoton kashi shi kaɗai ba ya nuna mai laifi. Wanda ke da amfani shi ne ɗan bidiyon da zai nuna karen yana fitowa daga ƙofar gidan, ko yana tsugune a wurinki, a kuma ga wata alama ta wurin kamar bango ko falwaya. Daga kan titi za a ɗauka, ba a leƙa cikin gidan mutum. Ki sa a rubuta rana da lokaci a littafi. Idan da maƙwabta biyu da za su yarda su ce sun gani, ya fi hoto ashirin.

Kafin takarda, ki bi ta hannun mai unguwa da wakilin yankinku a majalisa, wanda muke ce wa asambiliman. Ba don tsoro ba. Mutum ya fi jin kunyar dattawan da yake gaisawa da su kullum fiye da jami'in da zai gani sau ɗaya, kuma in magana ta kai gaban alƙali, zai so ya ji an nemi sulhu. A zaman, kada a tsaya kan "zan kula". A yanke abu takamaimai: karnuka su kwana a cikin gida, in kuma an fito da su, da igiya a hannun mutum.

In hakan bai yi ba, ki rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban sashen tsabtar muhalli na majalisarku. Shafi ɗaya ya isa: sunanki, lambar waya, adireshin GhanaPost GPS na gidanki da kwatancen nasa, tun yaushe abin ya fara, da ranakun da aka yi masa magana. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki riƙe. Ƙorafin baki iska ce ke kwashe shi. Daga nan jami'i zai zo ya duba, in ya gamsu ya ba mai karen takardar gargaɗi mai wa'adin gyara. Wa'adi ya cika bai gyara ba, sai sammaci zuwa kotu, kuma jami'an majalisar ne ke gabatar da ƙarar, ba sai kin ɗauki lauya ba. Ke shaida ce kawai.

Ga inda ake tuntuɓe. Jami'i ba ya zuwa da asuba, sai hantsi, lokacin kin riga kin share. Kada ki ce za ki bar ƙazantar don ya gani da idonsa. Ke mai sayar da abinci ce, in ya tarar da kashi kusa da tukunyarki, ke zai fara rubutawa, tun ba ma da aka fara tilasta wa kowa tsabtace gaban gidansa da shagonsa a Ankara a 2022. Ki ɗauki hoto, ki kwashe, ki wanke. Ki kuma tabbata takardar gwajin lafiyarki ta masu sayar da abinci ba ta ƙare ba, don wanda ya gayyato tankas, shi ma za su dube shi.

Idan mako biyu ya wuce ba wanda ya zo, ki koma da kwafinki mai hatimi. In har yanzu shiru, kowace majalisa tana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, wanda shugaban zauren majalisar ke jagoranta. Can za ki kai.

Tambaya: Nawa ne tarar, kuma jami'i yana da ikon karɓar kuɗi a hannu nan take? Daga wani tela, Mamobi.

Amsa: Malam, babu adadi ɗaya na ƙasa baki ɗaya, kowace majalisa da abin da ta rubuta. Dokokinmu kuma ba kasafai suke faɗin tara da sidi ba, da ma'aunin tara suke faɗa, kuma ma'auni ɗaya sidi 12 ne. In ka ga an rubuta ma'auni 50, sidi 600 ke nan, in 100 ne, sidi 1,200. Kuɗin lasisin kare da na fanso dabbar da aka kama suna cikin jadawalin kuɗaɗen da majalisa ke amincewa da shi kowace shekara, kana da haƙƙin ka ce a nuna maka.

Abu biyu za ka riƙe. Ƙaramar doka ba ta aiki sai an buga ta a jaridar gwamnati ta Gazette, don haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi jami'i wace doka ce kuma wane sashe. Na biyu, duk kuɗin da ya fita daga aljihunka zuwa hukuma, a ba ka rasit na gwamnati mai lamba. Wanda ya ce ka kawo wani abu a kashe magana ba tare da rasit ba, bai kashe komai ba, gobe wani zai zo da wata takardar.

Tambaya: 'Ya'yana suna buga ƙwallo ba takalmi a wani fili da masu karnuka ke kawo karnukansu da yamma. Mahaifiyata ta ce kashin kare cuta ne, ni kuwa na ce ai da kashin awaki muka tashi ba abin da ya same mu. Wa ke da gaskiya? Daga wani uba, Kanda.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ba Mma haƙuri, ita ce da gaskiya. Akuya ciyawa take ci, yawancin tsutsotsin cikinta ba sa zama a jikin mutum. Kare kuwa yana ɗauke da wasu da ke iya shiga jikinmu, su ɓace hanya, su yi ɓarna.

Ta farko ita ce doguwar tsutsar ciki da likitoci ke kira Toxocara. Kusan kowane kwikwiyon da ba a ba magani ba yana da ita, don tun yana cikin uwarsa take shigarsa, shi ya sa kake ganin 'yan kwikwiyo da ƙaton ciki. Ƙwanta yana fita cikin kashi, ido ba ya ganinsa. Abin lura shi ne ranar da ya fito ba ya iya kama kowa, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a cikin ƙasa kafin ya nuna. Da zarar ya nuna kuwa, yana iya yin watanni, har shekaru, a ƙasa mai laima. Wato kashin ya daɗe da narkewa, fili ya yi fes a ido, amma ƙwan yana nan. Yaro ya faɗi, ya tashi, ya sa hannu a baki ko ya ci burodi bai wanke ba, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinsa. Tsutsar ba ta girma a jikin mutum, yawo take yi zuwa hanta ko huhu, wani lokaci ido. Yawancin yara ba sa nuna komai, wasu su yi zazzaɓi da tari, amma wadda ta shiga ido tana iya lalata ganin idon ɗaya. Yaron da ya fara cewa ido ɗaya yana masa hazo, ko aka ga wani fari a tsakiyar ƙwayar idonsa, asibitin ido za a kai shi ba jinkiri.

Ta biyu ita ta fi shafar masu yawo ba takalmi. Wata ƙaramar tsutsa ce mai ƙugiya, 'ya'yanta suna ƙyanƙyashewa a yashi mai danshi da inuwa, cikin kamar mako guda sun isa huda fata. Za ka ga wani jan layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji a tafin ƙafa, ko tsakanin yatsu, ko a ɗuwawun yaron da ya zauna a ƙasa, yana ƙaiƙayi sosai da dare, kullum yana ɗan matsawa gaba. An fi ganinta da damina, daga Afrilu zuwa Yuli. Kada a tsaga da reza, kada a zuba kananzir. Tsutsar tana gaba da inda layin ya ƙare, yanka ba zai same ta ba, sai dai ya jawo gyambo. Ƙwayar magani ce ake bayarwa a asibiti, cikin 'yan kwanaki ta mutu.

Ta uku ta shafe mu masu layya. Idan aka yanka rago aka ga wasu ƙululu masu ruwa a hanta ko huhu, al'ada ce a yanke a jefa wa kare. Nan ake ɗaura cutar. Karen zai samu wata 'yar tsutsa a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi, kuma wannan ba ya jiran mako biyu, nan take yake kama tunkiya ko mutum. A jikin mutum yana zama jakar ruwa a hanta ko huhu, ta yi shekaru tana girma, wani lokaci sai an yi tiyata. Irin wannan nama a ƙone shi ko a binne shi da zurfi.

Ban da waɗannan akwai ƙwayoyin gudawa da ƙuda ke ɗauka daga kashi zuwa abinci. Abin da kashi ba ya kawowa shi ne ciwon haukan kare, wannan ta yawu yake bi, ta cizo ko yagar farce ko lasar rauni. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar don allura, kada a jira a ga ko karen zai haukace. Da alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Hana yara ƙwallo ba zai yiwu ba. Takalmi, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, yanke farce. Su kuma manyan da ke kula da filin su riƙa zagayawa da shebur kowace safiya. Kashin da aka kwashe a ranar, da ɗan ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya tafi da ƙwansa tun bai nuna ba.

Tambaya: Karnuka marasa mai su suna kwana a barandar masallacinmu, suna ɓata inda ake shimfiɗa tabarmi ranar Juma'a. Samari sun ce a sa musu guba a nama a huta. Ya halatta? Kuma yaya za mu tsarkake wurin? Daga wani ladan, Sabon Zango.

Amsa: Allah gafarta Malam, a hana samarin nan. Dokar laifuffuka ta 1960, mai lamba 29, ta haramta azabtar da dabba, in kuma aka yi rashin sa'a karen yana da mai shi, an ƙara laifin ɓarnar dukiya. Guba kuma ba ta zaɓe. Kaza za ta ci, kyanwa za ta ci, akuyar maƙwabci za ta lasa, ungulu ta ci mushen ta mutu, ga ƙananan yara da ke tsintar komai a ƙasa. Bayan duk wannan, ba a rabu da matsalar ba. Kare yana zama ne inda abinci yake, in aka kashe biyar, cikin 'yan makonni wasu biyar za su gaje wurin, kuma baƙin ba a san ko an taɓa yi musu allura ba.

A duba abin da ke kiran su. Galibi za a samu bola a kusa, ko ragowar wake da shinkafa da ake juyewa a gota da dare, ko ƙashi da tarkacen nama daga teburin mahauci. A sa shara a mazubi mai murfi, a daidaita da mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya riƙa kwashewa kafin magariba maimakon ta kwana. A yi wa barandar ƙyaure ko waya mai tsayin ƙirjin mutum, ƙasanta ya taɓa siminti, don kare ta ƙasa yake kutsawa. Sannan kwamitin masallaci ya rubuta wa majalisa a kan takardarsa, ya faɗi yawan karnukan da lokacin da suke taruwa. Kama dabbar da ke yawo aikin majalisa ne tare da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Gaskiya kama kare ya fi musu wuya fiye da kama akuya, yana buƙatar raga da keji da mutumin da ya iya, shi ya sa takardar jama'a mai sa hannun liman da sarkin zango ta fi ta mutum ɗaya saurin motsa su. Idan aka ga ɗaya daga cikin karnukan yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar, ko ƙafafunsa na baya sun shanye, kada kowa ya matsa, a kira likitan dabbobi a ranar.

Wajen tsarki, malamanmu na Malikiyya sun bambanta jikin kare mai rai, wanda ba su ɗauke shi najasa ba, da kashinsa da fitsarinsa, waɗanda najasa ne. Kada a fara da watsa ruwa, don yana baza ƙazantar ne ya kai ta inda ba ta kai ba. A zuba yashi ko toka a kai, a kwashe da shebur, sannan a wanke da ruwa da sabulu har launi da wari su tafi. Ruwa tsarkakakke shi ke gusar da hukuncin najasa, don haka a ƙare da ɗauraya da zallan ruwa. Don kashe ƙwayoyin cuta, a haɗa gwangwanin madara ɗaya na Parazone, wato ruwan bilic na wanki, da tara na ruwa, a zuba, a bar shi minti 10. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙin yana shaƙe mutum. Parazone ba ya kashe ƙwan tsutsa, ɓawonsa ya yi kauri, tafasasshen ruwa da zafin rana su ke yi masa illa. Tabarmar da ta ɓaci a wanke ta a shanya a rana sosai. Takalmin da ya taka kashin kare kuwa, goga shi a ƙasa bai wadatar ba, a wanke.

Tambaya: Ina da kare na gadi a shagona na kayan mota, ɓarayi ne suka sa na ajiye shi. Ba na son rigima da maƙwabta ko hukuma. Me ya wajaba a kaina? Daga wani Alhaji, Abossey Okai.

Amsa: Alhaji, da kowane mai kare zai yi wannan tambayar, da shafin nan bai cika ba. Fara da takardu. Ka kai shi asibitin dabbobi na gwamnati, akwai babba a La, kowace majalisa kuma tana da jami'in lafiyar dabbobi. Allurar haukan kare ana fara ta yana wata uku, a sabunta kowace shekara, a ba ka kati mai kwanan wata. Wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, akan yi gangamin allura kyauta ko da rahusa. Da katin a hannu ka je majalisa ka tambayi lasisin kare. Ka sa masa abin wuya mai lambar wayarka. Ranar da ya ciji wani ko aka kama shi, katin nan shi ne zai raba ka da wahala mai yawa.

Maganin tsutsa yana da lokaci. Kwikwiyo ana ba shi yana mako 2, 4, 6 da 8, daga nan kowane wata har ya kai wata shida, sannan duk bayan wata uku har ƙarshen rayuwarsa. Ka ce a ba ka wanda ya haɗa da praziquantel, shi ke kashe tsutsar da ake samu daga ɗanyen kayan ciki. Da nauyi ake auna magani, ba da ido ba. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire. Wasu masu cewa magani bai yi aiki ba, ƙasa da abin da ya kamata suka bayar.

Sai sarrafa kashin. Kare yana da tsari, galibi yana yin kashi ba da daɗewa ba bayan ya ci abinci. In kana ba shi abinci sau biyu a rana a kan lokaci ɗaya, kai ma za ka san lokacin. Ka ware masa kusurwa ɗaya mai siminti a cikin harabarka, ka kai shi can da igiya bayan cin abinci, ka jira, in ya yi ka yaba masa. Cikin mako biyu ko uku ya saba. Duka ba ya koya masa komai sai ɓoyewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba kare abinci da dare sannan a buɗe masa ƙofa, wato an aike shi ƙofar maƙwabci ke nan. Karen gadi a cikin shinge yake gadi, wanda ke yawo a titi ba ya tsare maka komai.

In yaronka zai fita da shi, igiya a hannu, baƙar roba biyu a aljihu. Ya sa hannu cikin robar kamar safa, ya ɗauka, ya juyo ta, ya ƙulle, ya kai mazubin shara. Babban kare irin Boerboel ko Rottweiler a sa masa takunkumi a cikin jama'a. Kada a share kashi zuwa gota. Ruwan unguwanninmu kogin Odaw yake gangarawa ya faɗa tafkin Korle, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ya san abin da ke cikin gota yana dawowa cikin ɗaki. Ana iya juye kashin a masai, amma ban da robar. In binnewa za a yi, rami ya kai rabin mita, ya yi nisan mita 30 da rijiya. Kada a yi takin kayan lambu da shi. In kuwa haya kake yi, ka sani damun maƙwabta yana cikin dalilan da dokar haya ta 1963 ta yarda maigida ya nemi a tashi ɗan haya a kansu.

Tambaya: Ɗana da ke Landan ya ce can ana cin mutum tara nan take in karensa ya yi kashi bai kwashe ba. Mu kuwa a nan, tankas sun kwashe min tumaki uku a bakin titi, karnuka suna wucewa ta gabansu ba su taɓa su ba. Wannan adalci ne? Daga wani dattijo mai kiwo, Fadama.

Amsa: Baba, ɗanka bai ƙara gishiri ba. A Ingila majalisun gundumomi suna da ikon ba mutum takardar tara ta har fam 100 a wurin, in ya ƙi biya aka je kotu tana iya kaiwa fam 1,000, kuma cewa ban gani ba ko ban zo da roba ba ba hujja ba ce. Makaho mai karen jagora ne ake ɗauke wa. A New York, inda 'yan zango da yawa suke, tun 1978 aka yi irin wannan doka. Amma abin da ke sa ta yi aiki can shi ne kusan kowane kare yana tafe da mutum a bayansa, kuma tun 2016 dole ne a Ingila a dasa wa kare ɗan ƙanƙanin guntu a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi. Ko a can ma sai jami'i ya gani ko an samu shaida, shi ya sa ƙorafi bai ƙare ba. Mu namu karen shi kaɗai yake fitowa da tsakar dare, ba wanda za a miƙa wa takarda. Don haka a nan dokar hana sakin kare ita ce mai haƙori, ba ta kwashe kashi ba.

Zancen tumakinka kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a kukanka. Tunkiya tana da sauƙin kamu, mai ita kuma zai zo da gudu ya biya, kare yana cizo kuma ba mai zuwa fansarsa. Amma a takarda dokar ɗaya ce ta hau kansu duka, kuma mu mutanen zango da muka fi kowa ƙorafin karen wani, mu muka fi kowa sakin awaki da tumaki su ci kayan mai tebur su tare mota. Wanda zai kai ƙarar kare ya fara ɗaure nasa dabbobin, in ba haka ba a zama ɗaya za a rubuta su biyun.

Ka je majalisa ka fanso tumakinka da wuri, don ana lissafa kuɗin tsarewa da na ciyarwa ne kullum, in kuma kwanakin da dokar majalisar ta gindaya suka cika ba a zo ba, tana da ikon yin gwanjonsu. Ka tafi da katin shaidarka na ƙasa da mutum ɗaya da ya san dabbobin, ka faɗi alamominsu tun kafin a nuna maka su: launi, tsagar kunne, wadda ke da ciki. Ka biya a wurin mai karɓar kuɗi na majalisa, ka karɓi rasit. Da ka dawo da su gida ka ware su daga sauran garken na mako biyu, ka lura da tari, majina da zawo, don a turken hukuma dabbobin unguwanni daban-daban ake haɗawa a kwano ɗaya.